Ina Ake Kai Jirgin Idan Ya Tsufa?

Marubucin wani rahoto kan ƙera jiragen ruwa ya yi gaskiya da ya ce zaren gilashi da ake haɗawa da danƙo a zuba cikin zubi ya sauƙaƙa ƙera jiragen ruwan shaƙatawa, domin ba ya tsatsa kamar ƙarfe kuma ba ya ruɓewa kamar katako, sai dai rashin ruɓewar nan ita ce babbar matsalar da rahoton ya tsallake. Manyan jiragen da kamfanin Lürssen ke ƙerawa a Jamus galibi gangar jikinsu ƙarfe ce, benayensu alminiyon, ana iya yanka su a narkar idan sun tsufa. Na zaren gilashi kuwa sai dai a daddatsa shi a binne ko a ƙona, shi ya sa Faransa ta kafa tsarin APER mai wargaza tsofaffin jirage tun 2019. Duk mai yabon daɓen jirgi na katakon tik, wato wani katako mai tauri da ke jure ruwa, ya kamata ya tuna cewa mafi darajarsa daga dazukan Myanmar yake, kuma Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa kamfanin katakon gwamnatin ƙasar takunkumi a 2021. Wa zai biya kuɗin kwashe waɗannan jirage, maƙerinsu ko masuntan da aka bar wa tarkacen a gaɓa?