Ciwon mantuwa: kada kumburi ya zama sabon wanda za a ɗora wa laifi shi kaɗai

A 1906 likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da hankalinta ya fara gushewa tana da shekara hamsin da ɗoriya. Ya ga curin furotin ya taru tsakanin ƙwayoyin jijiya, ya ga wasu zare-zare sun cukurkuɗe a cikinsu, ya kuma lura cewa ƙwayoyin da ke yi wa jijiyoyin hidima sun sauya kama. Biyun farko, amiloyid da tau, su suka samu suna da kuɗin bincike. Na ukun aka bar shi a baya kusan shekara ɗari, ana ɗaukarsa a matsayin ɓarnar da ciwon ya riga ya yi.

Yau an dawo kansa, kuma daidai ne. Ƙwaƙwalwa tana da nata sojojin garkuwa, ana kiransu maikirogiliya. Aikinsu kamar na mai gadi ne da ke haɗawa da shara: su kwashe matattun ƙwayoyi, su haɗiye amiloyid, su datse mahaɗar jijiyoyin da ba a amfani da ita. Idan sun ga ɓarna sai su saki sinadaran da ke tada kumburi. Wannan kumburin ba irin na ƙafar da ta gurɗe ba ne. Ba ya ciwo, ido ba ya ganinsa, kuma da ya gama aiki kamata ya yi ya lafa. A ƙwaƙwalwar da amiloyid ke taruwa shekara goma zuwa ashirin kafin a ga alamar farko, ba ya lafawa. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa a irin wannan hali ƙwayoyin kan koma cinye mahaɗar jijiyoyi masu lafiya, inda tunani yake zaune. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Hujjar da ta fi gamsar da ni daga gado ta fito. A 2013 aka wallafa bincike biyu da suka nuna cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2 yana ninka haɗarin kamuwa da cutar Alzheimer kusan sau uku. A cikin ƙwaƙwalwa, maikirogiliya ne ke aiki da TREM2. Da abin da mutum ya gada ake haihuwarsa, ba ciwon ne ya kawo shi daga baya ba. Don haka ba za a ƙara cewa waɗannan ƙwayoyi 'yan kallo ne ba. Tun 1988 ma an ga irinsu a fusace a ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson, mai sa rawar jiki.

To, sai a sha maganin kumburi a huta? An gwada. Tun wajen 1990 aka lura cewa masu amosanin gaɓɓai, da ke shan maganin kashe zafi shekara da shekaru, ba su cika kamuwa da Alzheimer ba. Amurka ta shirya babban gwaji da magungunan kumburi biyu, naproxen da celecoxib, a kan tsofaffi. Aka dakatar da shi a 2004 saboda tsoron illa ga zuciya, kuma bai nuna wata kariya ba. Sai aka juya ta ɗaya gefen, aka ƙirƙiri magani mai zaburar da TREM2. A ƙarshen 2024 shi ma ya faɗi a gwaji. An danne, bai yi ba. An zuga, bai yi ba. Abin da na fahimta shi ne maikirogiliyar nan ce ke kariya a farkon ciwo, ta koma ɓarna daga baya, kuma maganin da bai san lokaci ba harbi ne a duhu. Duk wanda ya zo muku da kwalbar "mai wanke kumburin ƙwaƙwalwa" ya riga malaman fannin isa inda ba su kai ba, ku riƙe kuɗinku.

Masu ra'ayin amiloyid za su ce ai nasu ya haifar da ɗa mai ido: lecanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023, ya rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin ɗari a wata 18. Gaskiya ne. Sai dai maganin yana aiki ne ta hanyar yi wa amiloyid alama don maikirogiliya su zo su kwashe, kuma kusan ɗaya cikin takwas na waɗanda aka ba maganin ƙwaƙwalwarsu ta kumbura. Ashe nasarar da illar duka ta hannun garkuwar jiki suka biyo.

Inda nake ganin an yi sakaci shi ne kumburin da ke farawa a jiki ya hau kai. Masu jinyar tsofaffi sun san shi. Tsohuwa ce mai ɗan mantuwa, tana gane kowa, tana cin abinci da kanta. Sai ciwon fitsari ko na huhu ya kama ta. Cikin kwana biyu ta daina gane ɗanta, tana tsintar abin da babu a kan zanin gado, dare ya zame mata rana. A yi maganin cutar, hankali ya dawo, amma sau da yawa ba ya komawa inda yake a da. Dangi su ce gigin tsufa ne, alhali zazzaɓin da aka makara wajen kulawa ne ya ja ta ƙasa.

Akwai kuma labarin yankin Wales na Birtaniya. A 2013 aka fara ba tsofaffi rigakafin ciwon nan mai fesa ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki, wanda ƙwayar ƙarambau ke kawowa idan ta farka bayan shekaru. Wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1933 ya cancanta, wanda ya riga shi da mako ɗaya bai cancanta ba. Wannan iyaka ta ba masu bincike damar kwatanta mutane kusan sa'annin juna, suka wallafa a 2025 cewa allurar ta rage kamuwa da ciwon mantuwa da kusan kashi 20 cikin ɗari a shekara bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da wannan ciwo, kusan miliyan 10 na kamuwa da shi duk shekara, mafi yawansu a ƙasashen da lecanemab ya fi ƙarfin aljihunsu. A ganina, gwajin rigakafi na gaske a ƙasashe daban-daban ya cancanci kaso mai tsoka na kuɗin da har yanzu ake zuba wa amiloyid.