A Fito da Ɗalibanmu Waje Su Dubi Ƙasa, Su Dubi Sama

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa kusa da Zagami, a ƙasar Faskari ta Jihar Katsina ta yanzu, sai ya ji ƙara daga sama. Wani dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi aka auna, nauyinsa ya kai kusan kilo 18. Daga baya masana suka tabbatar ɓalli ne daga duniyar Mars, domin iskar da ta maƙale a cikinsa iri ɗaya ce da wadda kumbon Viking na Amurka ya auna a can a 1976. Yau duk wanda ya yi zurfi a nazarin duniyoyi, a Japan yake ko a Jamus, ya san sunan Zagami. To a shiga babbar sakandare a Faskari ko Funtuwa a tambayi 'yan aji uku, a ga mutum nawa za su ɗaga hannu.

A watan Nuwamban 2023 aka sake tsintar irin wannan dutse a yankin Agadas na Nijar, mai nauyin kilo 24 da ɗoriya. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan dala miliyan biyar da 'yan kai, sannan gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka yi ya fita daga ƙasar. Arziki ya faɗo mana daga sama, wanda ya san darajarsa ya ɗauke.

Ra'ayina a nan a fili yake. Ilimin ƙasa da sararin samaniya ya kamata ya zama tilas ga kowane ɗalibin babbar sakandare, ɗan ajin kimiyya ne ko na adabi ko na kasuwanci, kuma a koyar da shi daga ƙasar da yaron yake takawa da saman da ke bisa kansa. A tsarin da muke kai a Najeriya, ɗan abin da ake taɓawa na wannan fanni yana warwatse ne a cikin kimiyyar ƙaramar sakandare da kuma darasin Labarin Ƙasa, wanda a babbar sakandare zaɓi ne. Yaro na iya gama makaranta, ya ci WAEC da NECO da sakamako mai kyau, alhali bai taɓa riƙe taswirar garinsu ba. A Nijar dai ana haɗa ilimin ƙasa da na halittu a darasi guda tun daga kwaleji, ko ba komai yaro zai ji sunan duwatsu kafin ya fita.

Wanda ya zaɓi darasin ma, me yake samu? Haddar sunayen duniyoyi takwas a jere, da kashe-kashen duwatsu uku, da lissafin bambancin lokaci tsakanin Landan da wani birni da bai taɓa gani ba. Malam ya rubuta a allo, a kwafa, a mayar masa ranar jarrabawa. Ga Dutsen Dala a tsakiyar Kano, inda maƙeran farko suka narka tama, ga duwatsun Kwatarkwashi, ga ramukan kuza a Jos, ga dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina, wanda shi kansa shaida ne cewa teku ya taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato. Duk suna waje, ɗalibai suna ciki.

Wani zai ce ai wannan ilimin ƙawa ne, mu da ke fama da yunwa da rashin tsaro ina ruwanmu da duwatsu da taurari. Ga mai wannan magana ina da amsa guda, ita ce Zamfara. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Sama da yara 400 suka rasu. Dalili shi ne dutsen da ake fasawa a ciro zinare yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙurarsa ta bi tsakar gida inda jarirai ke rarrafe, ta shiga abinci da ruwan sha. Iyayen nan ba su ƙi 'ya'yansu ba, neman abin sawa a baki suke yi. Abin da ba su sani ba shi ne dutse guda kan haɗa ma'adinai fiye da ɗaya, kuma mai ƙyalli launin toka da ke tare da zinaren guba ne. Wannan darasin mako ɗaya ne a aji. Ba na cewa darasi kaɗai zai hana talaka haƙar zinare, amma gidan da ke da ɗan sakandare guda da ya san haka zai iya cewa a daka dutsen nan a bayan gari, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a shigo wurin yara. A 2015 abin ya sake faruwa a Jihar Neja. Har yau ana haƙa, daga Zamfara zuwa Birnin Gwari zuwa Jado a arewacin Nijar, kuma matasan da ke cikin ramukan da yawansu sun zauna a aji.

Haka batun ruwa. Sau nawa unguwa ta yi karo-karo aka kira masu haƙa rijiyar burtsatse, aka yi ta nutsa ƙarfe, ƙarshe ƙura kawai ta fito? Mafi yawan ƙasar Kano da Zariya da Kaduna a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, ruwa ba ya samun wurin kwanciya sai a tsagogi da kuma saman da ya rududduge. Shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa, kai ka rasa, alhali katanga ce kawai tsakaninku. Idan aka nausa gabas, daga Haɗeja zuwa Borno, ƙasar yashi da laka ce mai hawa-hawa, ruwan yana shimfiɗe a ƙarƙashi, har a wasu wurare yakan yi tsartuwa da kansa idan aka huda. Ɗalibin da ya gane wannan bambanci, gobe idan ya zama kansila ko shugaban kwamitin masallaci, zai nemi a yi awon ƙasa kafin a biya kuɗin haƙa.

Ambaliya kuwa ba sai an tunatar da kowa ba. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, kamar yadda ya yi a 1994. Mokwa ta Jihar Neja ta kwana cikin makoki a ƙarshen Mayun 2025, aka rasa rayuka sama da 150. Laifin hukumomi a irin waɗannan masifu yana nan, ba na wanke su. Sai dai kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar kula da koguna ta NIHSA tana fitar da jerin wuraren da ke cikin haɗarin ambaliya, sanarwar ta wuce ta saman kan jama'a domin ba a koya musu karanta ta ba. Wanda aka nuna wa yadda ake gane tudu da kwari a taswira, aka kai shi bakin rafi ya ga inda ruwa ya taɓa kaiwa, zai yi tunani sau biyu kafin ya sayi fili mai arha a fadama.

Yanzu mu ɗaga kai sama, inda a ganina asararmu ta fi ciwo, domin a nan muna da gado. Kakanninmu sun san Zara matar wata, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba, sun san Kaza da 'Ya'yanta. Malaman hisabi suna lissafa taurarin damina ɗaya bayan ɗaya, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, manomi yana jin wane ne ya kama kafin ya yanke shawarar shuka. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masu tarihin lissafi suna ambaton rubutunsa. Al'ummar da salla biyar ɗinta ke bin tafiyar rana, azuminta da layyarta ke bin jinjirin wata, ba a ce mata nazarin sama baƙon abu ne.

Amma dubi yadda muke yi kowace shekara idan Sha'aban ya zo ƙarshe. Kwamitin ganin wata na Mai Alfarma Sarkin Musulmi yana tattara shaidu, a Facebook da WhatsApp kuma gardama ta kaure, wani ya rantse ya ga wata a daren da watan ya riga rana faɗuwa. Hukuncin tsayuwar wata na malamai ne da shugabanni, ban shiga hurumin su ba. Abin da nake cewa shi ne ɗan sakandare ya cancanci ya san wata yana kammala zagayensa a kwana 29 da rabi, shi ya sa wani watan ke yin 29 wani 30, shi ya sa shekarar Hijira ke da kwana 354, take gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, azumi ke zagayawa daga bazara zuwa hunturu. Ya san dalilin da ya sa mutanen Maiduguri ke shan ruwa kusan rabin sa'a kafin na Sakkwato: tazarar gabas da yamma tsakaninsu kusan digiri takwas ce, kowane digiri kuma minti huɗu. Wannan shi ne lissafin da ake ba shi a jarrabawa da sunan Landan, sai ga shi a kan faifan buɗa-bakinsa.

Masu fargabar cewa irin wannan karatu zai taɓa imanin yara, ina girmama damuwarsu, amma tarihi ya nuna rashin sanin ne ke kai mutane ga saɓa wa addinin. A Janairun 2001, da wata ya yi husufi, wasu matasa a Maiduguri suka fita ƙone-ƙone, wai zunubin wasu ne ya jawo. Alhali ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, Annabi da kansa ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarci a yi salla. Yaron da ya san inuwar duniya ce ke faɗa wa wata, kuma ana iya lissafa ranar da sa'ar shekaru kafin ta zo, zai tafi masallaci da natsuwa, ba zai ɗauki ashana ba.

Saura babbar hujjar da ake kawowa kullum, wato babu kayan aiki. Gaskiya ne makarantunmu da yawa ko kujeru ba su da su, balle ɗakin gwaji. Amma a duk fannonin kimiyya wannan ne ya fi sauƙin kuɗi. Sanda guda da igiya da rana sun isa a auna girman duniya. Abuja da Katsina kusan a kan layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa. Idan aji guda a kowane birni ya kafa sanda a rana ɗaya, ya auna inuwarta lokacin da ta fi gajarta, suka yi waya suka gwama, za su samu bambancin kusan digiri huɗu a kusurwar inuwar. Su haɗa da nisan da ke tsakaninsu a miƙe, sai ga kewayen duniya, kimanin kilomita 40,000, ya fito daga hannunsu. A Kano, wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar ka, inuwar sanda ta ɓace a ƙarƙashinta. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27, rana tana saitin Ka'aba, duk wanda ya fuskance ta a lokacin ya fuskanci alƙibla. Ɗalibai na iya duba masallacin makarantarsu da kansu. Hazon hunturu da ke toshe mana hanci, mafi yawansa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon tafki, kuma iska na kwasar wani sashe har dajin Amazon. Faranti da ɗan man shafawa a kan taga ya isa a tara shi a duba. Gani ya kori ji.

Abin da ya yi ƙaranci da gaske shi ne malamin da shi kansa aka taɓa fita da shi waje. Malami ba zai ba da abin da bai samu ba, kuma wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata ba za a zarge shi don bai shirya fita duba duwatsu ba. A nan ne nauyi ya hau kan gwamnonin Arewa da kwalejojin ilimi da jami'o'inmu. Najeriya ta kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA tun 1999, ta harba tauraron ɗan Adam na farko, NigeriaSat-1, a 2003, injiniyoyinmu suka ƙera NigeriaSat-X da aka harba a 2011. Hukumar tana da cibiya a Jos mai nazarin hotunan ƙasa daga sama, tana da wata a Toro ta Jihar Bauchi mai auna motsin ƙasa, irin girgizar da aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018. Ma'aikatun ilimi na jihohi su riƙa tura malaman Labarin Ƙasa da na kimiyya waɗannan cibiyoyi lokacin dogon hutu, a biya su kuɗin mota da na abinci, su dawo da hoton garinsu daga sama su manna a bangon aji. Sassan nazarin ƙasa na ABU da BUK da Jami'ar Usmanu Danfodiyo su haɗa wa kowace sakandare da ke kusa da su akwatin duwatsun yankin, kowanne da sunansa da amfaninsa da haɗarinsa, a Hausa da Turanci.

Akwai ma ranar da za a iya sa wa ido. A 29 ga Maris, 2006, rana ta yi cikakken husufi a kan Gusau da Katsina, gari ya yi duhu da hantsi. Ranar 2 ga Agusta, 2027, wani zai ratsa arewacin Afirka, ya bi ta Masar, inda duhun zai wuce minti shida, ya bi ta kan Makka. Mu a nan sashen rana ne zai rufe, idan hadarin Agusta ya bari a gani. Kallonsa da ido tsirara yana lalata gani, amma kwali mai ƙaramin huji yana sauke hoton rana a ƙasa lafiya lau. Kwamishinonin ilimi su sa wannan rana a kalanda tun yanzu, a horar da malamai kafin ta zo, a sanar da limamai, ko da ta faɗo cikin hutu a buɗe filayen makarantu yara da iyayensu su taru.