Mai tafiya Ingila ya nemi likitansa tun yana da lafiya

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa shirin tafiya Ingila daga nan Kaduna ya san yadda hidimar take. A je Kasuwar Barci a tsinto rigunan sanyi, a daka yaji, a ƙulla kuka da busasshiyar kuɓewa, a zagaya dangi a yi sallama, iyaye su yi ta nasiha a kan salla da abokan zama. Abin da ban taɓa jin an tambayi matafiyi ba shi ne, idan ka isa, wane ne likitanka? A ganina wannan tambaya ta fi rigar sanyi muhimmanci, domin riga ana samunta a can cikin yini guda.

Ba laifin kowa ba ne, sabo ne. A wurinmu ba a neman likita sai ciwo ya kwantar da mutum, kuma kafin nan an riga an bi ta kemis sau biyu ko uku. Idan abin ya ƙi, sai a nufi Barau Dikko ko Shika a yanki kati, mai ciwon ido kuwa ya wuce Cibiyar Ido ta Ƙasa kai tsaye. Tsarin lafiya na Birtaniya, wato NHS, wanda aka kafa a 1948, ba haka aka gina shi ba. Kowane mutum yana da ƙaramin asibitin unguwa da ya yi rajista da shi, inda likitan iyali yake, wanda suke kira GP, kuma ta hannunsa ake bi kafin a ga ƙwararren likitan zuciya, ko na ƙashi, ko na fata. Wanda bai yi rajista ba ƙofa ɗaya ta fi buɗe masa, ita ce sashen gaggawa, inda mutum kan yi awoyi a zaune yana jiran layi a kan ciwon da likitan unguwa zai duba cikin mintuna.

Abin takaicin shi ne galibi matafiyin ya riga ya biya kuɗin wannan hidima tun kafin a buga masa biza. Tun daga Fabrairun 2024, harajin lafiya da ake haɗawa da biza ya kai fam 1,035 a kowace shekara ga baligi, ɗalibi kuma fam 776. Duk wanda ya canza wannan kuɗi zuwa naira ya san gonar wani ko motar wani ta tafi a kansa. Ita rajistar kyauta ce, kuma a Ingila ƙa'ida ta ce ba dole ba ne mutum ya nuna fasfo, ko shaidar adireshi, ko takardar izinin zama kafin a karɓe shi, ko da yake ma'aikatan karɓar baƙi sukan tambaya. Ana cike fom ta intanet ko a takarda, daga baya a ba mutum lambarsa ta NHS mai alƙaluma 10, wadda za ta bi shi duk inda ya je. Aikin da bai kai na buɗe asusun banki wuya ba, amma mutanenmu su yi wata shida ba su yi shi ba, saboda, in ji su, lafiyarsu ƙalau.

Inda wannan sakaci ya fi ba ni tsoro shi ne zazzaɓin cizon sauro. Ɗan yayata ya zo hutu daga Ingila da damina, ya koma, bayan kwana goma zazzaɓi ya rufe shi. A nan da yaro za a aika kemis, kafin la'asar an fara shan magani. A can ba a sayar da maganin warkar da zazzaɓin sauro a kanta haka nan, sai da takardar likita bayan gwajin jini, kuma likitan da ya yi shekaru bai ga mai wannan ciwo ba zai iya ɗauka mura ce, muddin ba a gaya masa ba. Da ya kira ni, abin da na ce masa shi ne, kafin ka faɗi komai, ka ce masu daga Najeriya ka dawo, ka kuma faɗi ranar da ka sauka. Irin zazzaɓin da ya fi yawa a ƙasarmu shi ne mai kisa idan aka yi jinkiri, kuma wanda ya daɗe a waje garkuwar jikinsa takan ragu, ko da kuwa a Tudun Wada aka haife shi.

Saboda haka nake ganin rabin aikin a Kaduna ya kamata a yi shi. Fayil ɗin mutum ba zai bi shi daga asibitin gida ba, sabon likita kuma da farar takarda zai fara. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ya nemi likitansa ya rubuta masa taƙaitaccen tarihin ciwon da ainihin sunan kowane magani da ƙarfinsa, domin sunan da kamfani ya buga a kwali yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sannan ya tafi da maganin da zai ishe shi makonnin farko. Mai sikila ya fi kowa buƙatar wannan takarda. Uwa kuma ta adana katin rigakafin yara kusa da fasfo, domin da shi za a gane allurar da aka yi da wadda ta rage.

Ba na cewa tsarin nasu aljanna ce. Samun ganin likita kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, zama da likitan kuma bai cika wuce minti 10 ba. Bahaushen da ya saba idan bai ga allura ko ƙarin ruwa ba yana ganin ba a duba shi ba, ya fito da shawarar ya sha farasitamol ya huta, dole ransa ya ɓaci. Amma amsar ba ita ce a cika jaka da kafso daga gida ana sha ba bisa ƙa'ida ba. Akwai lambar waya 111 ta neman shawarar lafiya dare da rana, akwai 999 idan rai na cikin haɗari. A Ingila ana biyan fam 9.90 a kan kowane magani da likita ya rubuta, amma yara 'yan ƙasa da shekara 16, da masu ciki, da waɗanda suka kai 60 ba sa biya, a Sikotilan da Wales kuwa kyauta ne ga kowa.

Magidantan da suka tafi da iyali su lura cewa rajistar mutum ɗaya ba ta wadatar da gida. Kowa da tasa, har jariri. Matar da Turancinta bai nuna ba tana da damar a samo mata tafinta ba tare da ta biya ko sisi ba, tana kuma iya neman likita mace, wanda hakan ya fi a zaunar da ɗanta ɗan shekara tara yana fassara mata larurar da ko ga mijinta da ƙyar take faɗa. Idan kuma aka tashi daga Bradford aka koma Manchester saboda aiki, sai a sake rajista a sabuwar unguwa, fayil ɗin zai biyo baya da lambar nan ta NHS.