Ɓoye sunanka bai halatta maka mutuncin kowa ba

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa. Abin da idona ya gani a makon nan ne ya hana ni yin shiru. Wata baiwar Allah ta sa hotonta na kammala karatu a shafinta na sada zumunta, mutane suna ta yi mata fatan alheri, sai ga wani shafi mai hoton zaki, babu suna babu fuska, ya rubuta a ƙasa cewa kowa ya san ta hanyar da ta bi ta samu takardar. Kafin a ce me, wasu shafukan irinsa sun taru a kanta, wannan ya ce ya san ta, wancan ya ce yana da hujja amma ba zai fitar ba. Har dare ana abu ɗaya, daga ƙarshe ta goge hoton ta rufe shafinta. Ita kowa ya san sunanta da na mahaifinta, su kuwa babu wanda ya san ko su wane ne. Wallahi wannan zalunci ne, kuma ragwantaka ce.

Kada wani ya ce na haramta sunan aro. Akwai mai ciwon da yake jin nauyin faɗa da sunansa, yana neman shawara. Akwai matar da take gudun wani mai bibiyarta, akwai ma'aikacin da ya ga ana cin amana a wurin aikinsa, in ya yi magana da sunansa abincinsa ya ƙare. Waɗannan suna da uzuri, kuma rufin asiri haƙƙinsu ne. Da kai nake, kai da ka buɗe shafi na biyu da na uku don kawai ka samu inda za ka zagi wanda ba ka iya haɗa ido da shi.

Ka duba yadda kake tattalin naka sirrin. Ba ka sa hotonka ba, ba ka faɗi garinku ba, ko shekarar haihuwarka ta ƙarya ka rubuta. To me ya sa sirrin wani ya zama banza a wurinka? Mutum ya yi hira da kai cikin amana, ka ɗauki hoton hirar ka watsa. Ka samo lambar wayar yarinya ka liƙa a bainar jama'a ka ce a je a gaisa da ita. Ka tono hoton da wani ya ɗauka tun yana yaro ka mai da shi abin dariya. Kai ka san zafin tonon asiri, shi ya sa ka lulluɓe kanka, amma ka zauna kana yaye wa wasu sutura. Laifi tudu ne, ka take naka kana hango na wani.

Wai kuma sunan shafin "Mai Faɗin Gaskiya". Wace gaskiya? Mai gaskiya yana tsayawa a kan maganarsa, in ya yi kuskure a san wanda za a tuhuma. Kai kuwa ka yi jifa ka ɓoye hannu, in magana ta yi zafi ka goge shafi ka buɗe wani. Wanda ka ɓata kuma shi ke nan, domin magana zarar bunu ce. A 2012 wata yarinya 'yar shekara 15 a ƙasar Kanada ta kashe kanta bayan wani mutum ya daɗe yana yi mata barazana da hotonta, yana aika wa 'yan makarantarsu da danginta ta shafukan bogi fiye da 20. Duk inda ta koma sai ya bi ta da sabon suna. Wannan shi ne ƙarshen abin da kuke kira wasa.

Kuma bari in faɗa maka, ƙanena, ɓoyon nan da kake taƙama da shi ba ɓoyo ba ne. Mutumin nan da ya addabi yarinyar Kanada yana zaune a ƙasar Holan, teku tsakaninsa da ita, amma aka gano shi, aka kai shi Kanada, kotu ta yanke masa shekara 13 a 2022. Duk lokacin da ka hau intanet akwai lambar IP da ke nuna layin da ka bi, kamfanin sadarwa ya san wanda ya ba wa, shafin da ka buɗe kuma yana riƙe da lambar waya ko imel ɗin da ka yi rajista da shi. Da umarnin kotu ana iya haɗa su. Bayan wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Turai a watan Yulin 2021, da aka yi wa Rashford da Sancho da Saka ruwan zagi saboda launin fatarsu, kamfanin Twitter ya ce kashi 99 cikin 100 na shafukan da ya rufe ana iya gane masu su. Ko ba hukuma ma, salon rubutunka yana tona ka: kalmar da ka saba kuskurewa, lokacin da kake hawa, mutanen da kake bi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

A ce ma ba a taɓa gano ka ba. Mala'ikun da ke rubutu sunan bogi suke rubutawa? Allah Ya ce babu wata magana da mutum zai furta face akwai mai tsaro a tare da shi a shirye. A Suratul Hujurat an hana izgili, an hana jifan juna da munanan laƙabi, an hana mummunan zato da bin diddigi da gulma, duk a ayoyi biyu a jere. A Suratun Nur, wanda ya yi wa mace kamila ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce, kuma ba a sake karɓar shaidarsa. Kai da babban yatsa ɗaya, kana kwance a kan katifa, ka aikata duka a cikin minti biyar, sannan ka juya ainihin shafinka mai sunanka ka sa "Juma'a Mubarak". Wannan fuska biyun ita ta fi ba ni takaici.

Ku ma masu tayawa ba ku fita ba. Ku ne masu danna alamar dariya, ku ne masu "a ci gaba, muna biye", ku ne masu turawa gaba da "haka na gan shi". Da ba ku taru ba da ya gaji ya daina. Ga kuma masu zuba kuɗin data a kan gulmar auren wasu alhali darasin makaranta na jiransu, da masu buɗe shafi da hoton mace don su yaudari mutane su karɓi kuɗi, wannan kam sata ce ƙarara, sai wata rana mu yi maganarta.

Wasu suna cewa a yi doka kowa ya sa sunansa na gaskiya. An gwada. Koriya ta Kudu ta kafa irin wannan doka a 2007, ta tilasta wa manyan shafuka su tantance mutum kafin ya yi sharhi. A 2011 masu kutse suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 35 daga wani babban kamfanin ƙasar, a 2012 kuma kotun tsarin mulki ta soke dokar. Mutanen kirki suka yi asarar sirrinsu, masu zagi ba su fasa ba. Ciwon a hali yake, kuma hali zanen dutse ne in ba a tare shi da wuri ba. Sai dai kowa ya ji tsoron Allah, iyaye su sa ido, abokai su riƙa faɗa wa juna gaskiya.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka zubar da ma'aunin da aka bar mana. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwayar wanda ba a san ko wane ne ba, komai daɗin maganarsa. Ibn Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ya ce da fitina ta auku sai aka koma cewa duk mai kawo labari ya ambaci mutanen da ya ji daga wurinsu. A da ko jarida ba ta buga wasiƙar mai karatu sai edita ya san sunansa da adireshinsa, ko da za a sakaya sunan. Mutum yana jin nauyin sunan mahaifinsa, yana tsoron a ce ɗan wane ne ya faɗi kaza. Yau hoton zaki da sunan ƙarya sun isa a kashe aure, a hana yarinya miji, a zubar da girman dattijon da ya shekara 40 yana koyarwa, kuma masu ilimi a cikinmu su ne kan gaba wajen yaɗawa. Yara 'yan shekara 12 suna kallo, sun riga sun koyi buɗe shafi na biyu tun ba su iya rubuta wasiƙa ba.