Masu yi wa gidan gora dariya, sannunku

Wallahi tun jiya nake danne zuciyata kan bidiyon nan na mutanen wani ƙauye a Filifin da suka ɗauko gida sukutum a kafaɗa, kowa sai tura shi yake yana ƙyaƙyatawa, wai "talauci bai yi ba", wani har da cewa akurkin kaji ne. To sannunku attajirai, ku da wata huɗu in ya kama sai ku kwashe katifa ku dawo tsakar gida saboda ɗakin bulo da kwano ya gagari kwana.

Gidan nan da suke kira bahay kubo ba rashin wayo ba ne ya sa aka yi shi haka. Filifin ƙasa ce mai tsibirai sama da 7,000, ruwan sama kamar me, zafi mai ɗanɗano, ga girgizar ƙasa, ga guguwa kusan 20 da ke shigowa yankinsu duk shekara. Shi ya sa suke ɗora shi kan dirkoki, ruwa ya wuce ta ƙasa abinsa. Daɓen ma gora ce aka tsattsaga aka jera da ɗan tsakani, iska na shigowa ta ƙarƙashinka kana kwance a tabarma, rufin kuma na ganyen nipa ne, wata bishiya dangin kwakwa, mai gangara sosai, taga kuma babba, da sanda ake tokare ta. A ƙarƙashin gidan kaji suke kwana, nan ake ajiye itace da kayan gona. Ba fanka ba janareta, kuma mutum ya yi barcinsa lafiya lau. Wannan ne abin dariyar?

Na san abin da za ku ce, ai guguwa na zuwa ta kwashe. Eh tana kwashewa. Amma a Nuwamban 2013 da guguwar Haiyan ta afka wa birnin Tacloban, mutum sama da 6,000 suka rasu a ƙasar, ruwan teku ne ya hau gari har ya turo jiragen ruwa cikin unguwa, bulo ya hana? Don Allah ku bar wannan zancen. Mai gidan gora ko ba komai kayan gyaransa na bayan gida, zai sara ya sake kafawa, kuma langa-langan da ke tashi sama lokacin iska ba ƙaramin ɓarna yake ba.

Ɗaukar gidan ma da kuke wa dariya, gayya ce fa, bayanihan suke ce mata. A zura dogayen gora ta ƙasa, maza su sa kafaɗa, mai gida ba ya biyan kowa sisi, abinci kawai zai dafa musu in an sauke. Ku gaya min yau waye zai tara muku maƙwabta haka babu kuɗin shan ruwa.

Abin da ya fi taɓa ni ma shi ne gidajen bulon da ke ƙauyukan nasu, waɗanda ku a ganinku su ne ci gaba. Da yawa kuɗin uwa ne da ke aikatau ko aikin jinya a Saudiyya ko Kuwait, shekaru tana turowa ana ɗora bulo kaɗan-kaɗan, kaka ce ke riƙe da yaran, uwarsu sai dai a waya, sai kuma katon kwalin tsaraba in Kirsimeti ta zo. Ginin ya yi kyau kam, amma wadda ta gina shi ba ta kwana a ciki.

Af, wai ni kam ina malaman nan 'yan Filifin da suka koyar a sakandarorinmu a shekarun 1970 da 1980? Babana har yau in ana hirar lissafi sai ya kawo zancen wata malamarsu, ya ce gajeriya ce amma duk ajin ba mai iya tari in ta shigo. Wanda suka koyar a cikinku ya faɗa min a wace makaranta ce.