Ba Hausa ce ta kayar da 'ya'yanmu a jarrabawa ba

Tun watan Nuwamban 2025 da Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa, aka mayar da komai Turanci, wasu iyaye da masu makarantun kuɗi a Katsina suke murna kamar an gano maganin ciwon. Hujjar ministan ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Amma manufar da ake ɗora wa laifin a ƙarshen 2022 aka amince da ita, zamanin Adamu Adamu. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare a lokacin ko aji shida bai kai ba, balle ya zauna WAEC. Ta ina ta kayar da shi?

Abin da ke kayar da yaranmu yana cikin aji: an daina koyar da rubutu, da Hausa da Turancin duka. Insha'i ya mutu. A ce malami yana da ɗalibai 80 a aji, ya ba su insha'i mai shafi ɗaya. In zai karanta kowanne da jan biro, ya gyara, ya rubuta wa yaro inda ya kuskure, minti 5 ne mafi ƙaranci. Minti 400 ke nan, kusan awa 7, a kan aji guda, alhali yana da azuzuwa uku ko huɗu. Sai ya gudu zuwa tambayoyin cike gurbi da na zaɓi A, B, C, waɗanda monita ma zai iya makawa. Haka yaro zai gama sakandare bai taɓa rubuta sakin layi uku a jere wani ya duba masa ba.

Nahawu kuwa an mayar da shi hadda. Ɗalibi zai jero maka suna, wakilin suna, aikatau, sifa da bayanau ba tuntuɓe, amma ka ce ya haɗa jimla biyu da "domin" ko "duk da cewa", sai ya tsaya yana kallon allo. Bai san inda aya take zama ba, waƙafi kuma duk inda numfashinsa ya ƙare nan yake ɗora shi.

Ka'idojin rubutun Hausa sun fi shan wahala, don kowa gani yake tunda yana jin harshen ya iya rubuta shi. Yara suna zubar da ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ, "baƙi" ya koma "baki", "ƙasa" ta koma "kasa". Suna haɗe abin da ake rabawa, su raba abin da ake haɗewa: "ya na" maimakon "yana", "shine" maimakon "shi ne", "gidan sa" maimakon "gidansa". "Ba shi" umarni ne, "bashi" kuma abin da ake bin mutum. "Ta fi" daban, "tafi" daban. Ga kuma Katsinanci, wanda ba laifi ba ne a baki, amma dole malami ya nuna wa yaro cewa "tahi" da "hwaɗa" da yake furtawa "tafi" da "faɗa" ake rubuta su a Daidaitacciyar Hausa. Shifta ta minti 10 sau biyu a mako, jimla biyar kawai, yara su musanya littattafai su gyara daga allo, tana rage wannan matsala. An watsar da ita, wai tsohon yayi ce.

Adabi ma haka. Ana karanta wa yara taƙaitaccen bayani a kan jigo da salo da zubi da tsari, su kwafe, littafin kansa ba su taɓa riƙe shi ba. Wanda bai karanta jimla mai kyau ba, daga ina zai kwaikwayi rubuta ta?

Masu cewa Turanci zalla tun daga aji ɗaya ne mafita sun manta cewa malamin da bai koyar da sakin layi da Hausa ba ba zai koyar da shi da harshen da shi kansa yake in'ina a ciki ba. Kuma abin ya fi ciwo a garin nan. Abubakar Imam ɗalibin Kwalejin Katsina ne, yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, daga baya ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Hausarsa ba ta hana shi Turanci ba.

Ma'aikatar ilimi ta jiha tana da abin yi ba sai ta jira Abuja ba. A ware darasi biyu a jere kowane mako don rubutu kaɗai, a rage wa malaman harshe yawan azuzuwa, kwalejin ilimi ta jiha da ke Dutsin-Ma ta daina yaye malamin da bai ci jarrabawar ka'idojin rubutu ba. Sufeto kuma in ya shiga makaranta, kafin ya nemi rajista, ya ɗauki littattafan yara goma ya ƙirga insha'i nawa jan biro ya taɓa tun farkon zango.