Ɗinyar Kanada da kashinta: matsalar da masu askin ciyawa suka gayyato wa kansu

A birane da dama na Amurka da Kanada da Birtaniya, ƙananan hukumomi na ware kuɗi duk shekara domin yaƙi da kashin tsuntsu. Tsuntsuwar da ake magana a kanta ita ce ɗinyar Kanada, babbar tsuntsuwar ruwa dangin agwagwa, mai baƙin kai da dogon baƙin wuya da farin tabo a ƙarƙashin haɓa, wadda nauyinta kan kai kilo huɗu zuwa shida. Ɗinyoyin nan kan taru ɗari-ɗari a wuraren shaƙatawa da filayen ƙwallo da na golf da harabar makarantu da maƙabartu, su yi kiwo a kan ciyawa tun safe har yamma, su bar filin yadda ba mai iya shimfiɗa tabarma a kansa, balle ya bar yaro ya yi rarrafe.

Ƙorafin da mutane ke yi ba raki ba ne. Ɗinya ciyawa take ci, cikinta kuma ba ya riƙe abinci ya daɗe, saboda haka tana yin kashi a kai a kai muddin tana kiwo. Ƙiyasin da hukumomi ke bayarwa ya kama daga rabin kilo zuwa sama da kilo ɗaya a yini ga tsuntsuwa guda, wato ko da mafi ƙarancin adadin aka ɗauka, garken tsuntsaye 100 zai zubar da tan ɗaya da rabi cikin wata guda. Idan aka yi ruwan sama, kashin yakan gangara cikin tafki, ya ƙara wa ruwan sinadarin nitrojin da fosfaros, gansakuka ta yi yawa, ruwan ya yi kore ya fara wari. Idan kuma aka auna ruwan aka tarar ƙwayoyin E. coli, waɗanda ake samu a cikin kashi, sun haura ƙa'ida, sai a rufe wurin wanka a daidai lokacin zafi da jama'a suka fi bukatarsa. An sha samun ƙwayoyin da ke haddasa gudawa a cikin kashin, ko da yake ba kasafai ake iya tabbatar da cewa daga nan wani ya kamu da ciwo ba, don haka bai kamata a mayar da tsuntsuwar annoba ba. Ƙazanta da santsi da lalacewar ruwa kaɗai sun isa dalilin neman mafita.

Ra'ayina shi ne mafi yawan kuɗin da ake kashewa wajen kora da kisa asara ce, domin ana yaƙi da tsuntsuwa ne alhali an bar abin da ya kawo ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan lamari mutanen biranen ne da hannunsu suka tsaga bangon, har sau biyu.

Karo na farko ya faru ne da kyakkyawar niyya. A farkon ƙarni na 20 farauta ba ƙaƙƙautawa da busar da fadamu sun kusa ƙarar da waɗannan tsuntsaye, har ta kai a shekarun 1950 masana sun ɗauka nau'in da ya fi girma a cikinsu ya ƙare a duniya. A 1962 wani masanin halittu mai suna Harold Hanson ya gano ragowarsu a birnin Rochester na jihar Minnesota ta Amurka, daga nan hukumomin kula da namun daji na jihohi suka shiga kiwata su suna rarraba su a tafkuna. Kafin wannan ma, a 1935 an haramta wa mafarauta amfani da ɗinyoyin gida da suke ɗaurewa a bakin ruwa domin su yaudari na daji su sauko, aka saki da yawa daga cikinsu. Ita kuwa ɗinya a wurin iyayenta take koyon hanyar ƙaura, kuma macen takan koma yin sheƙa a inda ta koyi tashi. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a tafkin cikin gari ba su san hanyar arewacin Kanada ba, ba su kuma da dalilin nemanta. Da haka aka samu rukuni biyu, wato masu ƙaura, da ke wucewa sau biyu a shekara, da mazauna, da ba sa zuwa ko'ina. Mazaunan nan, waɗanda ba su wuce 'yan dubbai ɗari ba a 1970, sun haura miliyan 3 a shekarun 2000. A Ingila ma kawo su aka yi tun ƙarni na 17 domin su ƙawata lambunan sarauta, ciki har da na St James da ke Landan.

Karo na biyu shi ne yadda aka tsara filayen, kuma nan ne ya kamata a fi tsayawa. Abin da ɗinya ke so a duniya bai wuce uku ba: ɗanyen tohon ciyawa mai laushi, ruwan da za ta faɗa idan an tsorata ta, da fili a buɗe ta yadda za ta hango abokin gaba tun daga nesa. Injin yankan ciyawa yana sa ciyawa ta riƙa fitar da sabon toho kowane mako, takin zamani yana ƙara mata maiƙo, ban ruwa yana hana ta bushewa ko da rani ya yi tsanani. Sannan masu tsara unguwanni da harabar kamfanoni sun haƙa tafkuna domin tara ruwan sama, suka aske gaɓarsu ƙwal har bakin ruwa, ta yadda tsuntsuwa za ta fito da 'yan tsakinta a ƙafa ba tare da ta tsallake komai ba. A cikin gari babu kerkeci, kuma ba a yarda a harba bindiga ba. Wanda ya zauna musamman domin ya tsara wa ɗinya gida ba zai yi abin da ya fi wannan ba, amma masu filin sai su wayi gari suna mamakin abin da ya hana baƙin tafiya.

Doka ma ta taƙaita abin da mai gida zai iya yi. A Amurka dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka ƙulla a 1916 da Birtaniya a madadin Kanada, ta shafi ɗinya ko da ba ta taɓa yin ƙaura ba, saboda haka ba a kashe ta ko a taɓa ƙwanta sai da izini ko a lokacin farauta. Wannan ya sa kasuwar kora ta bunƙasa. Ana sayar da gumakan dila na roba, da hoton kan kada mai yawo a kan ruwa, da na'urori masu ƙara, da fitilar leza, da wani ruwa da ake fesa wa ciyawa mai ɗauke da sinadarin da ake sa wa kayan zaƙi ɗanɗanon inabi, wanda tsuntsaye ba sa jurewa. Gumakan da ƙarar kan yi aiki na 'yan kwanaki kafin tsuntsayen su gane cewa barazanar ba ta da haƙori, feshin kuma yakan tafi da zarar an yi ruwa ko an yanke ciyawa. Abin da ya fi tasiri shi ne karnukan kiwon tumaki da aka horar, irin waɗanda hukumar kula da wuraren tarihi da gandun daji ta Amurka ta ɗauko haya a 2015 domin su kori ɗinyoyi daga tafkin da ke gaban ginin tunawa da tsohon shugaban Amurka Lincoln a Washington. Sai dai kare ba ya rage adadin tsuntsaye ko da guda. Yana tura su ne filin maƙwabta, kuma ranar da kwangilar ta ƙare sukan dawo.

Daga nan ne wasu hukumomi ke tsallakawa zuwa kisa. A watannin Yuni da Yuli ɗinyoyi kan zubar da gashin fukafukansu, su yi 'yan makonni ba sa iya tashi, sai ma'aikata su kora su cikin shinge kamar tumaki. Birnin New York ya rungumi wannan hanya bayan abin da ya faru ranar 15 ga Janairun 2009, lokacin da jirgin US Airways mai lamba 1549 ya ci karo da garken ɗinyoyi jim kaɗan da tashinsa daga filin jirgin saman LaGuardia na birnin, injunansa biyu suka mutu, matuƙinsa Chesley Sullenberger ya saukar da shi a kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki suka tsira duka. Haɗarin da tsuntsayen ke yi wa jirage gaskiya ne, domin a 1995 wani jirgin sojan saman Amurka ya faɗi a Alaska bayan injunansa sun haɗiye ɗinyoyi, mutum 24 suka mutu, kuma ba na jayayya da rage su a kewayen filin jirgin sama. Amma binciken da masanan cibiyar Smithsonian suka yi a kan gashin da aka ciro daga injin jirgin na New York ya nuna cewa tsuntsayen masu ƙaura ne da suka fito daga can yankin Labrador na Kanada. Duk da haka, a watan Yulin 2010 an kwashe kusan ɗinyoyi 400 mazauna wurin shaƙatawa na Prospect da ke Brooklyn a birnin New York da sassafe, aka shaƙa musu iskar gas, aka binne gawarwakinsu, mutanen unguwa ba su sani ba sai da suka tarar da tafkin wayam. Ba a daɗe ba wasu ɗinyoyin suka fara sauka a wurin, tun da ciyawar da ruwan suna nan yadda suke.

Bahaushen da ya saba ganin agwagwa a matsayin abin yanka ranar biki zai tambaya me ya hana a ci naman, kuma tambayar tana kan hanya. Birnin Denver na Amurka ya yi haka a 2019, inda aka kama ɗinyoyi fiye da 1,600 daga wuraren shaƙatawarsa, aka gyara naman aka raba wa mabukata. An yi zanga-zanga a kai, kamar yadda adawar jama'a ta tilasta jingine shirin kashe ɗinyoyi 200 a tafkin Windermere na Ingila a 2012. A ganina, inda garke ya yi yawan da babu makawa sai an rage shi, abin da Denver ta yi da naman ya fi binnewa mutunci nesa ba kusa ba, da sharaɗin a sanar da jama'a tun kafin a fara, a kuma auna naman, tun da tsuntsayen sun yi kiwo a filayen da ake fesa wa magani. Amma ko a Denver sai da aka sake kamawa a shekarar da ta biyo baya.

Hanyar da ta fi arha kuma ta fi rage yawan su a hankali ita ce hana ƙwai ƙyanƙyashewa. Ɗinya kan yi ƙwai biyar ko shida, ta kwanta a kansu kimanin kwana 28. Idan aka fasa ƙwan ko aka kwashe su da wuri, takan sake yin wasu, shi ya sa ake shafa musu man masara, wanda ke toshe ƙofofin iskar da ke jikin ɓawon, a mayar da su cikin sheƙa, ta ci gaba da kwanci har lokacin yin ƙwai ya wuce. Masu kula da jin ƙan dabbobi sun ce a yi haka cikin makonni biyun farko, kuma ana ganewa ta hanyar sa ƙwan a ruwa, wanda ya taso sama ya riga ya yi nisa, sai a ƙyale shi. Tun 2006 gwamnatin tarayyar Amurka ta sauƙaƙa wannan aiki, mai fili na iya yin rajista ta intanet a yawancin jihohi. Aibin hanyar shi ne jinkiri, domin ɗinya na iya rayuwa shekara goma zuwa ashirin, kuma sai an gano mafi yawan sheƙuna kowace shekara ba fashi kafin a ga sauyi. Kansila mai neman a sake zaɓensa ba ya son aikin da sakamakonsa zai fito bayan ya sauka, alhali hoton karnuka suna kora yana fitowa a jarida washegari.

Game da masu watsa musu burodi, magana ba ta da tsawo. Burodi yana tara tsuntsaye wuri guda, yana cire musu tsoron mutane, kuma ana danganta shi da nakasar fiffike a cikin ƙananansu. A hana, a ci tarar wanda ya ƙi ji.

Babban gyaran dai yana ga ciyawar kanta. Idan aka bar gaɓar tafki ta yi dogayen ciyayi da ƙananan itatuwa masu tsayin santimita 60 zuwa sama, da faɗin 'yan mitoci, ɗinya ba ta son ratsawa da 'ya'yanta, domin ba ta ganin abin da ke ɓoye a ciki. Wannan shingen kuma yana tare kashi da taki kafin su shiga ruwa, yana rage kuɗin man inji da na ma'aikata. A sauran filin ana iya rage zuba taki, a ɗaga bakin inji, a shuka ciyawa mai kaushi a inda ba a wasa, a bar askakken fili a wuraren da ake bukatarsa da gaske kamar filin ƙwallo, can nesa da ruwa, inda kare ko shinge zai iya tsarewa. Abin da ke hana yin hakan shi ne ɗabi'ar mutanen, waɗanda suka tashi suna ganin askakkiyar ciyawa alamar tsafta da rufin asiri, doguwa kuma alamar gidan da aka yi watsi da shi. Garuruwa da yawa a Amurka suna da dokar da ta hana ciyawar gida wuce santimita 20 zuwa 30, ƙungiyoyin masu gidaje na unguwanni kuma sukan ci tarar wanda bai yanke tasa ba. Saboda haka mai gidan da ke bakin tafki, idan ya bi shawarar da hukumar namun daji ta jiharsa ta ba shi ya bar gaɓar ta yi duhu, yana iya samun takardar gargaɗi daga ƙaramar hukumar da ke biyan kamfanin karnuka kuɗin kora duk wata. Kafin majalisar gari ta sake sanya hannu a kwangilar kora ko ta kama, ya kamata ta fara gyara wannan doka, ta keɓe gaɓar ruwa daga cikinta.